Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata (1877–1955): Daga Huhun Goro Zuwa Tifar Tsakuwa

Duk ɗan Bebeji da ke zaune a Abuja, in dai yana bin hanyar filin jirgin sama, ya san wurin da direbobi da fasinjoji ke kira Gadar Ɗantata. Wanda ke zaune a Kano kuwa, ko yake yawan bin hanyar Lakwaja ko ta Wudil, da wuya a ce bai taɓa kauce wa wata tifa shaƙe da tsakuwa ba, wadda aka rubuta wannan suna a jikin ƙofarta. Yaranmu da aka haifa a birane sun ɗauka sunan kamfani ne kawai, kamar yadda ake cewa Julius Berger. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa asalinsa sunan wata tsohuwa ce da ta yi zamani a garinmu, wadda ta reni wani maraya a cikin ganuwar Bebeji kimanin shekara 140 da suka wuce. Wannan maraya shi ne Alhassan ɗan Abdullahi, wanda duniya ta sani da Alhassan Ɗantata, kuma tarihinsa ne muka ga ya dace mu kawo wa 'yan uwa a fitowar bana.

Goro da gyaɗa ne suka yi wa Alhassan suna. Dutse da tsakuwa da siminti sana'ar 'ya'ya ce da jikoki. Amma mai karatu zai lura, in ya bi labarin a tsanake, cewa sana'ar gidan nan iri ɗaya ce tun farko har yau: a nemi kaya mai nauyi wanda yake da araha a inda Allah ya ajiye shi, yake da tsada a inda ake bukatarsa, sa'an nan a fi kowa sanin hanyar da za a kai shi.

An haifi Alhassan a Bebeji a 1877. Bebejin wancan zamani ba ƙaramin gari ba ne. Lokacin da Bature Clapperton ya ratsa ta cikinsa a 1826, ya rubuta cewa babban gari ne mai ganuwa, cike da mutanen da ciniki ne aikinsu. Gari ne da ke kan hanyar fatake tsakanin Kano da Zazzau, zango ne da ayari ke haɗuwa a cikinsa kafin a nufi kudu da yamma. Iyayen Alhassan Agalawa ne, wato ɗaya daga cikin manyan zuriyoyin fatake uku da suka riƙe cinikin goro a ƙasar Hausa, sauran biyun su ne Tokarawa da Kambarin Barebari. Kakansa, Baba Talatin, daga wajen Katsina ya taso ya zauna a Madobi, ɗansa Abdullahi kuma ya dawo Bebeji saboda ta fi dacewa da mai fatauci. Mahaifiyar Alhassan, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai dukiyar kanta.

Wajen 1885 Abdullahi ya rasu, Alhassan yana da kimanin shekara takwas. Aka raba gado, Amarya ta tattara ta koma Ankara ta ƙasar Gana ta yau, inda take da harkokin ciniki, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Daga nan mutanen gari suka riƙa kiran yaron ɗan Tata, sunan kuma ya bi shi har kabari, ya bi zuriyarsa har yau. Abin lura ne ga mai nazari cewa gidan da ya fi kowane gida dukiya a Kano ba da sunan madugun da ya haifi mai gidan ake kiransa ba, da sunan baiwar da ta ciyar da shi ake kiransa.

Gadon da ya faɗo wa Alhassan bai daɗe ba, kamar yadda dukiyar marayu ta saba. Ya shiga makarantar allo a Bebeji, ya yi rayuwar almajirci da duk abin da ke cikinta, ranakun Alhamis da Juma'a yana 'yan aikace-aikacen neman wuri. A cikin zuriyarsa ana ba da labarin cewa Tata ce ta koya masa tanadi, ta nemo masa asusu ta hore shi da ya riƙa jefa wani abu a ciki daga duk abin da ya samu. Yana da kimanin shekara goma sha biyar ya bi ayarin Gwanja don ya je ya ga mahaifiyarsa, ya sayi 'yan kayayyaki a Bebeji ya riƙa sayarwa a hanya. Da ya isa Ankara, Amarya ba ta shimfiɗa masa tabarmar ɗan gata ba. Wajen wani malami ta kai shi, ya ci gaba da karatu da neman na kansa har lokacin komawa ya yi.

Ya kamata mu tsaya kaɗan a kan wannan hanya ta Gwanja, domin ita ce makarantar da ta fi yi masa tasiri. Ayari kan tashi da ɗaruruwan mutane, wani lokaci dubbai, da jakuna da alfadarai da 'yan alaro, a ƙarƙashin madugu, jagaba yana gaba yana duba hanya da zango. Ana tafiya da kanwa da baƙin tufa na rini da jemammun fatu da gabu da dabbobi. A ƙetare Kwara a biya kuɗin fito, a ratsa ƙasar Bargu inda 'yan fashi ke jira, kowane sarki a kan hanya yana da abin da zai karɓa. Zuwa kaɗai kan ci watanni, zuwa da dawowa kan cinye mafi yawan shekara. Goron kansa kaya ne mai son lallashi: a naɗe shi cikin ganyen fita, a riƙa kwancewa ana yayyafa ruwa, ana tsince mai sankara kada ya ɓata sauran. Goron da ba shi da wata daraja a bakin kurmin Asante, kafin ya iso kasuwar Kurmi ta Kano ya ninka kuɗinsa sau da yawa, kuma kusan duk wannan ƙari kuɗin wahalar hanya ne. Yaron da ya taka wannan hanya da ƙafarsa ya san abin da kowace kwana ɗaya ta jinkiri ke ci a cikin riba.

Bai daɗe da dawowa gida ba Basasar Kano ta ɓarke a 1893, tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Bebeji da yawancin Agalawa suna ɓangaren Tukur, ɓangaren da aka ci da yaƙi. Aka kama mutane da yawa, aka washe dukiyar fatake. Alhassan da 'yan uwansa Bala da Sidi suna cikin waɗanda aka kama aka bautar, kafin daga baya ya kuɓuta ya komo. Wannan shafi ne da ba a cika son buɗewa ba a tarihin garinmu, amma yana nan, kuma ba a fahimtar taka-tsantsan ɗin mutumin da masu mulki a sauran rayuwarsa sai an san ya taɓa ganin yadda rigimar sarauta ke cinye ɗan kasuwa a dare ɗaya.

A daidai waɗannan shekaru tsohuwar hanyar goro ta fara rushewa. Yaƙin da aka yi a Salaga a 1892 ya watsa babbar kasuwar da fatakenmu ke sauka a cikinta, Hausawa suka bazu zuwa Kumashi da Ankara da sauran garuruwa. Turawan Ingila suka mamaye Asante, suka ci Kano a 1903, kuma a wannan shekarar ce jirgin ƙasa ya haɗa Kumashi da Sakwandi a bakin teku. Alhassan ya dubi wannan sabon al'amari ya yi lissafin da kaɗan daga cikin tsararrakinsa suka yi da wuri. Wajen 1906 ya fara ɗora goronsa a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, yana kuma sayen yadin Turawa da duwatsun wuya yana rarrabawa. Tafiyar da ke cin watanni a bayan jaki ta koma ta 'yan kwanaki a kan ruwa, goro ya riƙa isowa da ɗanyensa. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, sai hanyar ta haɗe tun daga Kumashi har Kano ba tare da an ɗaura wa jaki mangala ba.

Nan ne labarin Alhassan da na Bebeji suka rabu, kuma ya kamata mu faɗe shi yadda yake. Jirgin da ya ɗaga shi, shi ne ya kashe zangon da ya haife shi. Da ayari ya daina tashi, masu masauki da dillalai da masu sayar da harawa da abinci na garuruwan kan hanya suka rasa abin yi, ciniki ya tattara ya koma inda tasha take. Alhassan ya bi cinikin ya koma Kano, ya gina gida a Sarari, kusa da Koki, unguwar da fataken goro suka daɗe a cikinta. Babu wanda zai ga laifinsa a cikinmu, tun da yawancin masu karanta wannan mujalla abin da ya fitar da shi daga gida shi ne ya fitar da mu.

Turawa sun kawo jirgi Kano ne da tsammanin auduga za su kwasa don masaƙun Ingila. Manomi ya duba ya ga gyaɗa ta fi kuɗi, ga shi in kasuwa ta ƙi za a iya ci, sai ya koma mata. Kamfanonin Turai kuwa suna neman man gyaɗa don sabulu da man shafa wa burodi, amma ba su san ƙauyuka ba, ba su kuma san wanda za su amince wa da kuɗi ba. Dole suka nemi fataken goro, irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo, waɗanda ke da jari da yara a ko'ina. A 1918 kamfanin Niger Company, wanda daga baya ya narke cikin UAC a 1929, ya nemi Alhassan ya riƙa saya masa gyaɗa.

Yadda ya tafiyar da wannan aiki shi ne asirin ɗaukakarsa. Ya ɗauki tsarin amana na fatauci ya ɗora shi a kan gyaɗa. Yakan ba yaransa kuɗi tun kafin kaka, su bazu cikin ƙauyuka da sikeli da buhuna, su ma su ba na ƙasa da su, har kuɗin ya kai hannun manomi. In an cire gyaɗa, raƙuma da jakuna, daga baya kuma motoci, su kwaso ta zuwa bakin tasha. Wanda ya riƙe amana a ƙara masa jari baɗi, wanda ya ci kuma ya fita daga layi. Yana da kuɗi a hannu a lokacin da abokan gasarsa ke jiran bashi, saboda haka gyaɗa ta fi saurin zuwa wurinsa. Kafin 1922 ya wuce dukkan attajiran Kano. Da bankin Bank of British West Africa, wanda ya zama First Bank na yau, ya buɗe reshe a Kano, labarin da ya shahara shi ne cewa raƙuma ashirin ne suka ɗauko kuɗin azurfar da ya kai ajiya. Karyewar farashin da ta biyo baya a shekarun 1930 ta durƙusar da 'yan kasuwa da dama, shi kuwa ya fito daga cikinta a tsaye.

Adalci ne a tuna da ɗaya gefen sikelin. Manomin da ya karɓi kuɗi a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare ga haraji na jiransa, ba shi da bakin yin ciniki idan kaka ta yi. Tsarin ya raya dubban iyalai, ya kuma ɗaure wasu da bashi shekara bayan shekara. Kakannin da yawa daga cikinmu a wannan gefen suke, kuma gumin da ya tara dukiyar gyaɗa ta Kano nasu ne.

Dalar gyaɗa da ake ta yi mana kirari da ita, wadda ake danganta fara tsara ta ga Alhassan, ita ma in an duba da kyau maganar sufuri ce. Gyaɗa kan taru a Kano fiye da abin da jirgin ƙasa zai iya kwashewa zuwa Ikko, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu lokacin da taragai da kawunan jirgi suka yi ƙaranci. Sai aka riƙa jera buhuna ana ɗora su, faɗi a ƙasa tsini a sama, har dala ɗaya takan ci buhu wajen 15,000, a lulluɓe ta da tamfol tana jiran layi. Abin da baƙo ke ɗauka hoto yana mamaki, ga mai kayan kuɗi ne a kwance suna jiran taragu.

Duk da wannan ƙarfi, shekara da shekaru Alhassan yana saye ne a ƙarƙashin inuwar kamfanin Turawa, domin su ke da ikon sayarwa waje. Sai wajen 1953 ya samu lasisin saya wa hukumar cinikin gyaɗa kai tsaye, abin da a da kamfanonin Turawa da Kwarori suka kankane. A waɗannan shekaru na ƙarshe ya sa dukiyarsa cikin yunƙurin attajiran Kano na kafa masaƙar zamani ta 'yan ƙasa, ya kuma tattara harkokinsa a ƙarƙashin kamfani mai rajista, Alhassan Dantata & Sons. Ya yi aikin hajji tun a shekarun 1920, ya kuma biya wa mutane da yawa kuɗin zuwa. Waɗanda suka yi zamani da shi sun san shi da sauƙin sutura da tsantseni wajen kashe kuɗi, halin da wasu suka ɗauka rowa ce, alhali yaron da ya taɓa ganin gadonsa ya narke yana da dalilinsa.

Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, ya tara 'ya'yansa da babban mai kula da kuɗinsa, Garba Maisikeli, ya yi musu wasiyya da su zauna tare, kada su bari kamfanin ya wargaje. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari, a lokacin ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Allah ya jiƙansa.

Wannan wasiyya ita ce ta kai gidan ga dutse. A al'adar kasuwancinmu, dukiyar attajiri takan mutu tare da shi, domin da an raba gado kowa ya kama gabansa, kamar yadda ya faru da dukiyar Abdullahi a Bebeji a 1885. Alhassan ya ga wannan da idonsa yana yaro, ya kuma yi abin da zai hana a maimaita. Ahmadu ya riƙe kamfanin har ya rasu a 1960, sa'an nan Aminu ya karɓa. Sanusi da Mamuda kowanne ya gina nasa reshen, Sanusi a gyaɗa da sufuri, Mamuda a jigilar alhazai. Bayan samun 'yancin kai sabuwar gwamnati na bukatar gine-gine, sashen kwangila na kamfanin ya samu ayyuka, ciki har da wani ɓangare na makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya. Daga nan gidan ya fara hulɗa da yashi da tsakuwa da rodi.

Gyaɗar ma ba ta dawwama ba. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma, suka haɗu suka share dala daga Kano. Kuɗin fetur ɗin nan kuwa hanyoyi da gadoji da madatsun ruwa aka riƙa yi da shi, irin madatsar Tiga da aka kammala a ƙasarmu a 1974, sa'an nan ga sabon birnin tarayya da aka yanke shawarar ginawa a 1976. Kayan da ƙasa ke nema ya canza daga buhu zuwa tifa. A tsakiyar shekarun 1970 ne Abdulƙadir, ɗan Sanusi, ya kafa kamfanin Dantata & Sawoe tare da abokan hulɗa Jamusawa, kamfanin da aka ba sashen farko na faɗaɗa hanyar Kano zuwa Maiduguri, wato Kano zuwa Wudil zuwa Shuwarin, da wani sashe na hanyar Abuja zuwa Lakwaja, duka a 2006. Abdulƙadir ya rasu a 2012.

Wanda bai san aikin hanya ba yakan ɗauka kwalta ce hanya. Kwalta fata ce kawai a sama. Jikin hanya burji ne da dutse, kuma a cikin kwaltar kanta da kankaren gada, tsakuwa da yashi su ne mafi yawa. Saboda haka babban kamfanin hanya ba ya dogara da saye, wurin fasa dutse nasa yake buɗewa kusa da aikin. A huda fa da injin haƙa, a cusa nakiya a tayar, katafila ta kwashi manyan ɓaraguzai ta zuba a injin niƙa, rariyoyin ƙarfe su tace su ware manya da matsakaita da ƙanana har zuwa garin dutse, kowanne da aikinsa. Dukanmu mun san masu yin wannan sana'a da hannu a gindin duwatsun Rano da Tiga da sauran wurare, su hura wa dutse wuta har ya tsage, su bi shi da guduma, su tara tsibi-tsibi a bakin hanya suna jiran mai saye. Su da mai injin duka doka ɗaya ce ke kansu: dutse ba shi da tsada a inda yake, nisan da za a kai shi ne kuɗinsa. Duk mai tifa a cikin 'yan ƙungiyarmu zai shaida cewa in tafiya ta yi nisa, kuɗin man gas da taya sukan fi kuɗin tsakuwar da aka ɗauko. Lissafin da Alhassan ya yi a gaɓar Sakwandi game da goro shi ne wanda jikansa ya riƙa yi game da inda zai kafa injin niƙa.

Ta wajen mata ma zuriyar ta isa ga dutse, har ta fi nisa. Mariya, 'yar Sanusi, ita ce mahaifiyar Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957, shekara biyu bayan rasuwar Alhassan. Ya fara kasuwanci a 1977 da jarin da ya samu daga gidan kakanninsa na wajen uwa, siminti yana cikin kayan da ya fara saye da sayarwa. Shekaru da dama yana shigo da shi daga waje ta jirgin ruwa, kafin ya koma haƙo dutsen da ake yin simintin da shi a cikin gida, a Gboko ta jihar Binuwai, da Obajana ta jihar Kogi, da Ibese ta jihar Ogun wadda aka buɗe a 2012. Masana'antar Obajana kaɗai tana iya fitar da tan miliyan 16 da ɗoriya a shekara, kuma kamfanin ya tara dubban manyan motoci nasa na kansa don kada ya dogara da wani wajen kai kaya.

Alhaji Aminu, wanda ya riƙe kamfanin mahaifinsa tun 1960, ya rasu ranar 28 ga Yuni, 2025, yana da shekara 94, aka binne shi a Madina. Shekara saba'in ke nan, ba 'yan makonni, bayan ranar da mahaifinsu ya tara su a Sarari.